Wankan Jegona a Titiwangsa

Abin da ya fara tarbata a Kuala Lumpur zafi ne, irin wanda ban san da shi ba. Ni da na tashi a Kano ina ganin babu ranar da za ta ba ni tsoro, sai ga shi ina fitowa daga filin jirgi na ji kamar an buɗe mini tukunyar dambu a fuska. Zafinmu na gida busasshe ne, ka shiga inuwa ka huta. Nasu jiƙaƙƙe ne, har cikin inuwar yake bin mutum. Na dubi mijina Malam Nura na ce, "Yanzu a nan za mu yi shekara uku?" Ya share gumi ya ce ai an ce kullum da yamma ana ruwa. Aka yi ruwan kuwa, zafin bai je ko'ina ba.

Karatun digiri na uku ne ya kawo ni wata jami'a da ke Jalan Semarak, da tallafin gwamnati. Malam shi ma ya samu gurbi a wata makarantar, shi ya sa muka taho tare, ko amarci bai gama sakinmu ba.

Masaukinmu na farko a Bukit Jalil yake. Wani ɗan ƙasarmu ne, dillalin gidaje, ya turo mana hotuna tun muna gida: ga falo, ga kicin, ga taga mai kallon bishiyoyi. Ba zan ce ya yi ƙarya ba, don gidan yana nan yadda yake a hoto. Abin da bai faɗa ba shi ne akwai mutane cike a cikinsa, kuma ɗakin da ya ba mu wani gefen falon ne da aka raba da katako. Idan maƙwabcinmu ya yi atishawa, mu muke ce masa yarhamukallah. Da na kira dillalin raina a ɓace sai ya ce, "Haba Hajiya, ki yi maneji mana, kowa da haka ya fara." Daga ranar bai sake ɗaga wayata ba.

Mun yi manejin. A watannin nan na san kewar gida. Banɗaki ne kaɗai wurin da ba a jin motsin mutum, can nake shiga in kunna famfo in yi kukana in ƙoshi, in fito in ce wa Malam sabulu ne ya shige mini ido. Ya san ƙarya nake, amma sai ya ja ni shagon mamak na ƙasan bene, wato na Indiyawa Musulmi masu shayi, ya saya mini shayi mai kumfa da wata gurasarsu da suke kira roti, mu zauna muna lissafa abincin da za mu fara ci ranar da muka koma. Ni kullum danwake nake cewa.

Wadda ta fitar da mu daga gidan katako Kak Ros ce, wata Bamalayiya ma'aikaciya a ofishin sashenmu. Kak kamar mu ce Yaya ne. Ta same ni ina sharar barci a masallacin mata bayan azahar, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, sai ta tambaye ni ko lafiya. Na ba ta labari. Ta ce a benensu da ke Titiwangsa akwai gidan wani dattijo ɗan Sin da babu kowa a ciki, za ta yi masa magana.

Sunan dattijon Ankul Tan. Gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki ya yi duk rayuwarsa kafin ya ajiye aiki. Ranar da ya zagaya da mu gidan, a hawa na sha bakwai, bai ɓata lokaci a falo ko ɗakunan kwana ba. Kai tsaye ya wuce da mu wani ɗan lungu a bayan kicin, inda ake wanki da shanya, ya nuna mana wani farin inji dogo, ya kusa kai tsayin Malam. Na ruwan zafi ne, da hannunsa ya kafa shi, kuma yadda yake shafa shi za ka ce ɗan autansa ne. A goshin injin akwai maɓallai huɗu masu zane: ɗaya ganye, ɗaya harshen wuta, ɗaya ganye da wuta a haɗe, ɗaya jirgin sama. Ya yi ta bayani, ni kuwa hankalina yana kan bangon siminti na gaske da nake ta ƙwanƙwasawa. Abin da na riƙe kawai shi ne ya ce mu bar shi a kan ganye, ba ya shan wutar lantarki sosai. Muka bar shi a kan ganye. A garin da gumi ke tashin mutum daga barci, wa ya damu da ruwan zafi?

A gidan nan na samu ciki, a nan kuma maganar ruwan zafi ta zama maganar rayuwata.

Da wata na tara ya kama, Baba ya ce a turo mini wadda za ta yi mini wankan jego. Umma ba za ta zo ba, ni ce 'yar fari, ko sunana ba ta kamawa balle ta ƙetaro teku ta yi mini wanka. Sai aka turo ƙanwar Baba, Gwaggo Lami, wadda duk mai jegon da aka yi a danginmu ta bi ta hannunta. Ta sauka da akwati biyu. Ɗaya kayan yaji ne da gero da kanwa da daddawa, ban san yadda aka yi suka wuce da ita ba. Ɗayan kuwa rigunan sanyi ne da safa da wani ƙaton bargo mai zanen raƙuma, don an gaya mata ƙasar waje duk sanyi ake yi. Tana shigowa gidan ta zube a kujera tana fifita da gyalenta ta ce, "Rabi, wanda ya ce mini in taho da bargo, ban yafe ba."

Na haifi mace lafiya. Ranar da aka sallamo mu, Kak Ros ta shigo da dami guda na ganyen darbejiya. Ashe na taɓa yi mata zancen, ita kuma ta je ta roƙo a wurin wata Ba'indiya mai sayar da furanni. Ta ce su ma Malayawa suna da irin wannan tsarewar ta mai jego, tasu ma ta fi tamu da 'yan kwanaki. Gwaggo ta sunsuni ganyen, ta ce wannan baiwar Allah da gani 'yar mutunci ce.

Wankan farko Gwaggo ta tari ruwa a baho da bokitai, ta tsoma hannu, ta taɓe baki. Ta ce ba laifi, amma ruwan da ba a sirka ba ai ba ruwan jego ba ne. Ita a wurinta ƙa'idar ke nan: ruwa ya yi zafin da hannu ba zai shiga ba, sannan ita ta sirka shi da na sanyi daidai yadda ta ga jikin mai jegon zai ɗauka. Da yamma da ta sake tara, ruwan bai ma kai na safe ba, don ta kwashe tankin tas kuma injin bai gama mayarwa ba.

Sai ta tafi lungun ta ga abin da ke dafa ruwan. Ta dawo tana salati.

"Rabi, abin nan sanyi yake hurawa. Na tsaya a gabansa, iska ce ke fitowa kamar ta firji. Ta ina mai hura sanyi zai dafa ruwa? Kuma ga mai jego a gida. Daga yau kada in ga ƙafarki a wurin."

Ta mayar da lungun nata. Can take wankinta, can take shanya, ƙofar kullum a rufe, har tsumma ta cusa a ƙasanta don kada sanyin ya biyo ya same ni. Ban yi musu ba, jikina ba ƙwari, ga jaririya ba ta barin mutum ya runtsa.

Kullum ruwan sai ƙara sanyi yake. Gwaggo ta tambayi inda ake hura icce, Malam ya ce a hawa na sha bakwai ko turaren wuta aka cika sai ƙararrawar gobara ta tara mana jama'a. Aka koma dafawa a kan gas da 'yan tukwanenmu na mutum biyu. Kafin ta uku ta tafasa, ta farko ta huce. Rannan Malam ya ɗauko tukunya zai kai banɗaki santsi ya kwashe shi, Allah ya tsare ruwan ya zube gefe. Da ya ce bari ya duba injin ko wani abu ya lalace, Gwaggo ta ce, "Kayana ne a shanye a wurin." Ai kuwa ya ja da baya kamar ya taka garwashi. Mutumin da ko abinci ba ya iya ci a gabanta, ina zai shiga inda surukarsa ta shanya kayanta? Muka kira Ankul Tan, ya ce yana garin Ipoh wurin 'yarsa, sai ya dawo.

Ana gobe suna Gwaggo ta kira Baba, ta sa wayar a amsa-kuwwa don kowa ya ji.

"Yaya, wankan nan fa ba ya yiwuwa. Ruwan garin nan na alwala ne. Ni ba zan zauna ina kallo sanyi ya shige yarinya ba, gobe ta zo tana ciwon ƙafa a ce Lami ce ta yi mata wanka."

Baba bai ja magana ba, dama ba ya ja. Ya ce, "To, da zarar fasfon jaririyar ya fito, ki taho mini da su. Ta yi wankanta a gida."

Na shiga lissafi. Jim kaɗan bayan arba'in ne aka sa mini ranar kare tsarin bincikena a gaban malamai. Idan na tafi Kano na san ba kwana arba'in zan yi ba, sai an ga yarinya ta yi ƙwari, sai an zaga dangi. Ranar za ta wuce ni, in jira wani zangon, tallafin karatu kuwa ba ya jiran mai jego. Shekara biyun da na yi ina fama, har da kukan banɗaki, duk za su iya tafiya a banza. Ban kuma taɓa mayar wa Baba magana ba. Na kalli Malam, ya sunkuyar da kai, don shi da kansa ya kai takardun fasfon tun washegarin haihuwa, yana ta murna ya yi abin kai.

Aka yi suna, yarinya ta ci sunan Umma, muna kiranta Jidda. 'Yan Najeriya suka cika gidan, aka ci aka sha, ina ta yaƙe ana ɗaukar hoto.

Bayan suna da kwana biyu Ankul Tan ya dawo. Ya shigo da ledar lemo da ɗanyar citta, ya ce a wurinsu citta ake ba mai jego. Gwaggo ta shiga ta kwashe kayanta, sannan ta ba da izini. Na lallaɓa na bi bayansu, na tsaya daga bakin kicin.

Yana buɗe ƙofar sanyi ya buso. Tagar lungun a rufe ruf, an toshe ramukanta da jarida. Injin kuwa yana tsaye sanye da bargo mai raƙuma tun daga kai har gindi, an ɗora masa zannuwa biyu a sama, an ɗaure masa ƙugu da igiyar shanya. Ashe tun ranar farko Gwaggo ta lulluɓe shi, kuma duk ranar da ruwan ya ƙara sanyi sai ta ƙara masa zane.

Ankul Tan ya ce, "Aiyo," ya dafa injin wanki, ya fara dariya har da hawaye. Malam ya juya baya yana tari. Ni dariyar ma ciwo take sa ni, na riƙe ciki ina yi ina wash.

Gwaggo ko gezau. Ta ce, "Gaya masa, tuwo ma idan ana so ya riƙe zafi rufe shi ake yi. Abu yana rawar sanyi a gabana, sai in zuba masa ido?"

Na fassara. Dattijon ya share ido ya ce a gaya wa Makcik, wato Gwaggo, tunaninta daidai ne, tankin ma akwai irin bargonsa a ciki tun daga masana'anta. Kan injin ne ba a rufewa, don ta nan yake numfashi. Ya kwance igiyar, ya yaye bargon, ya buɗe taga. Sannan ya kama hannun Malam ya kai bayan firjinmu ya ce a taɓa. Da zafi. Ya ce firji yana kwashe zafin cikinsa ya zubar a baya. Wannan injin kuwa zafin iskar gari yake zuƙa ya zuba a ruwa, sanyin da yake hurowa saura ne bayan ya cire zafin. An toshe masa hanci, an rufe taga, ina zai samu abin da zai ci?

Gwaggo ta ƙare wa injin kallo. Can ta ce, "Wato zafin garin nan da ya hana ni barci, shi yake ci?"

Na ce, "Shi, Gwaggo."

"To Allah ya ba shi lafiya. Ya ci ya ƙoshi."

Daga nan aka zo kan maɓallan, a wannan karon na buɗe kunne da kyau. Ankul Tan ya ce ganye, da zafin iska kaɗai yake aiki, a hankali yake tafiya, zafinsa kuma yana da iyaka. Wuta kuwa hita ce a cikin tankin, irin wadda muke tsomawa a bokiti a gida, tana da sauri, tana kai ruwa inda ganye ba ya kaiwa, amma tana shan lantarki ba kaɗan ba. Na haɗen, injin ne yake yi wa kansa shawara: ya yi ta tafiya da iska, idan ya ga an kwashe ruwa da yawa ya kunna hitar. Na jirgi kuma na matafiya ne, idan za a bar gida a daɗe sai a danna, injin ya yi kwanciyarsa.

Ana ambaton jirgi muka haɗa ido da Malam, kowa ya kau da kai.

Aka shiga gardama. Gwaggo ta ce a sa wuta a bar ta dare da rana. Malam ya yi ƙasa da murya ya ce ai da ganyen ma, tunda yanzu an buɗe taga, watakila... bai ƙarasa ba, ta kalle shi ya haɗiye sauran. Na san takardar kuɗin wuta yake hangowa. Ankul Tan ya ce shi dai na haɗen yake ba mu shawara, boleh lah, wato hakan ya yi, babu ruwan kowa. Gwaggo ta ce ita ba ta bar wa ƙarfe shawara a kan 'yarta, ƙarfen da ko bargo aka rufa masa ba ya iya cewa a cire.

Ni ce na raba gardamar, don ni abin ya shafa. Na ce a bar shi a kan ganye wuni da kwana, ya yi ta tara zafinsa. Idan lokacin wanka ya matso, safe da yamma, Gwaggo ta danna wuta da hannunta, in an gama ta mayar. Ankul Tan ya ɗaga babban yatsa, ya ƙara wa wutar maki, ya gargaɗe mu kada kowa ya tari ruwan da hannu kai tsaye. Na samu ƙofa na ce likita ma ta ce kada ruwan ya yi zafin ƙuna.

Gwaggo ta ce, "Ni na ce zan dafa ki ne? Ruwa ya yi zafi tukuna, sirkawa aikina ne. Nuna mini inda ake dannawa."

Washegari bayan sallar asuba na ji ƙarar maɓalli daga lungu, ɗit. Da gari ya waye ta kira ni. Banɗakin ya turnuƙe da tururi, madubi ba a ganin komai, ƙamshin darbejiya ya cika ko'ina. Ta kai yatsa bakin bahon ta janye da sauri. Ban taɓa jin daɗin ganin mutum ya ƙone ba sai ranar. Ta ɗauki kofi ta shiga zuba na sanyi tana juyawa, tana gwadawa da gwiwar hannu, fuskarta ta koma irin ta mai aikin da ta sani. Da ganyen ya sauka a bayana sai na ji ni a tsakar gidanmu na Kano. Na yi kuka, amma ba irin na Bukit Jalil ba, wannan na daɗi ne.

Ba ta ce komai a kan tafiya ba, ni ma ban tambaya ba. Kwanaki suka yi ta wucewa, ɗit da safe, ɗit da yamma. Lungun ya zama fadarta. Ta shimfiɗa tabarma daidai inda injin ke huro sanyi, can take jan carbi, can take shan shayin mamak da Malam ke yo mata tapau, wato a ƙulle a leda. Har ta gano cewa idan an danna wuta sanyin yana ɗaukewa, don haka ana gama wanka ita ce mai saurin mayar da shi ganye. Malam ya samu abin da yake so ba tare da ya sake buɗe baki ba.

Rannan ya dawo da fasfon Jidda. Ya durƙusa ya miƙa wa Gwaggo da hannu biyu, fuskarsa kamar wanda ya kawo sammaci. Ta buɗe, ta ga hoton, ta ce ƙawarta Jidda ta fito kamar an tashe ta daga barci. Sannan ta ce a kira mata Yaya. Na zauna a bakin kujera da yarinya a hannu.

Bayan gaisuwa Baba ya ce, "Fasfo ya fito ko? Yaushe za ku taso? Ya maganar ruwan?"

Gwaggo ta gyara zama. "Ruwa ya yi, Yaya. Har sai da na sirka."

Baba ya ce, "Kin sirka?"

"Kullum sai na sirka."

"To madalla. Ta zauna ta yi karatunta."

Malam ya tashi ya shige ɗaki, na ji shi yana ta hamdala shi kaɗai. Ni kuwa na kifa kaina a cinyar Gwaggo, ta ce in ɗaga ta, nauyi gare ni.

Muka yi arba'in lafiya. Na kare tsarin bincikena, Gwaggo tana zaune a harabar sashen da Jidda a baya, ita da Kak Ros suna hira, wannan da Hausa, waccan da Malayanci, suna ta dariya. Da yamma muka kai ta bakin tafkin Titiwangsa ta ga dogayen benaye, ta ce duk ba su kai lungunta daɗi ba. Bargon mai raƙuma kuwa Ankul Tan ta bar wa, ta ce ya ajiye ko injin zai yi mura.

Ranar da za ta tafi, an sauke akwatuna, mota tana jira, sai ta ja hannuna zuwa lungun. Ta duba ta tabbatar yana kan ganye. Sannan ta nuna maɓallin ƙarshe.

"Wannan na jirgin, kada ki taɓa shi sai kin gama abin da ya kawo ki. Ranar ki danna da hannunki, ki kawo mini ƙawata."

Haka aka yi. Ranar da muka kulle gidan, Jidda tana tafiya da ƙafarta, tana amsa mini magana rabi Hausa rabi Malayanci, kwalin digirina yana cikin jakar hannu. Malam ya kira ni daga bakin ƙofa ya ce za mu makara. Na ce ya ba ni minti ɗaya. Na shiga lungun, na tsaya sanyin ya ɗan buge ni, na danna jirgi.